Ranar da Man Walƙiya Ya Taɓa Harshena

Da alƙalami zan ba ku labarin nan, don ko na buɗe baki ba za ku ji ni ba. Ni ba bebe ba ne. Ina magana, har waƙa ina yi idan zuciya ta cika, sai dai babu kunnen ɗan Adam da ke iya kama abin da na faɗa. Ku zauna, ku bi ni a hankali, abin da ni na kasa yi ke nan.

Sunana Munzali, makanike ne ni a Gusau. Ba kowace mota nake taɓawa ba. Injin da ake so ya yi gudun fitar hankali, shi ne aikina. In kwance shi, in goge hanyoyin da iska ke bi har su yi santsi kamar cikin kwalba, in rage wa fistin nauyi, in ƙara masa matsi, in ɗaura turbo, sai ka ji tsohuwar mota tana gurnani har ƙirjinka na rawa. Samarin da ke tsere a bayan gari duk sun san ƙofata.

Matata Hindatu kuwa, shekara biyu da aurenmu wani zazzaɓi ya tafi da ganinta. Mun zaga asibitoci har muka gaji. Tun daga nan, kullum bayan la'asar nakan zauna kusa da ita in karanta mata littafi, in faɗa mata launin sararin sama, in kwaikwayi muryar duk wanda ya zo gareji har ta riƙe ciki don dariya. Da na doso gida sai ta ce, "Sarkin fulogi, yau ma warin fetur ya riga ka yin sallama." Takan ce muryata ce tagar da take leƙen duniya ta ciki. Ni kuma duk lokacin da ta faɗi haka sai in ji kamar an soka mini allura, don ƙofa nake so in ba ta, ba taga ba.

Wata Talata da tsakar rana, abokan aiki sun tafi cin abinci, sai ga wata mota ta shigo gareji. Doguwa ce, launin garwashi, ba ta da ƙara, ba ta da inuwa. Wani dattijo ya fito daga ciki, rawaninsa na hayaƙi, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa.

Ya ce, "Aminci ya tabbata ga ma'abocin sufana. Kai ne Munzali, wanda ƙarfe ke faɗa wa ciwonsa?"

Na amsa sallama a tsorace. Ya buɗe bonet. Silinda goma sha shida! Ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba ko a hoto, amma da na leƙa sai na ga kan kowane fistin a huje, kamar an caka masa mashi. Tsoro ya gudu, makanike ya dawo.

Na ce, "Ranka ya daɗe, laifin ba na injin ba ne kaɗai. Manku ne ba shi da haƙuri. Yana kamawa tun fulogi bai ba shi wuta ba, fistin na cikin hawa wuta ta dake shi a ka. Man tsere na gaske ba shi ne mai saurin kamawa ba, shi ne mai jure matsi har lokacinsa ya yi."

Dattijon ya lumshe ido. Ya ce, "Ya kai ɗan yumɓu, ka faɗi a numfashi ɗaya abin da ya gagare mu shekara ɗari huɗu. Ni ne Dumrusu, direban Sarauniya Jamraratu ta Birnin Tartsatsi. Nan da kwana tara za mu yi tsere da abokan hamayyarmu, Banu Guguwa. Sau shida suna cin mu, domin injinmu ba ya kai zagaye na ƙarshe. In ka sa muka ci, ladanka tandun kwalli ne daga taskar Sarauniya. Makahon da aka shafa wa, wanda ya kawo kwallin ya kira sunansa sau uku, baki da kunne, shi kuma ya amsa sau uku, to ganinsa zai dawo."

Ban ko kulle akwatin kayan aiki ba na ruga gida. Hindatu na tsince wake da yatsu ta saurare ni har na gama.

Ta ce, "Ni na aike ka? Yaya Munzali, na saba da duhun nan, na san kusurwoyinsa. In ka tafi, wa zai ƙarasa mini littafin da muka fara? Mun tsaya daidai inda ake neman yarinyar."

Na ce, "Kwana tara kawai. In na dawo da idonki za ki ƙarasa shi."

Ta ce, "Muryarka ta ishe ni." Ta sake faɗa, a hankali. Na ji, amma hankalina ya riga ya shiga mota. Na kira yayata Saude ta zo ta zauna da ita, na fita.

Dumrusu ya saita motar a kan ramin gareji, ramin nan da nake shiga kullum in kwance salansa. Ya taka totur. Ramin ya buɗe baki ya haɗiye mu, muka gangara wata hanya ta baƙin gilashi, taurari na gudu a ƙarƙashin tayoyinmu, rana kuma tana bin mu a gefe kamar kare.

Birnin Tartsatsi a cikin wani ƙaton zobe na jan ƙarfe yake. Gidajensa na juyawa a hankali, haƙoran wannan na shiga na wancan, kamar cikin giyar mota. Mutanensa ba sa tafiya, sai dai ka ga mutum a nan, ka ƙifta, ka gan shi a can. Aka kai ni gaban Sarauniya. Gashinta harshen wuta ne shuɗi, tana zaune bisa wani kiranshaf, ƙashin bayan inji, na zinariya mai tsawon titi.

Ta ce, "Maraba da baƙon da aka yi da ƙasa mai sanyi. Manmu daga walƙiya muke tatsarsa, a ruwan farko na damina. Mu 'yan wuta ne, ba mu san jira ba, manmu ma haka. Me kake buƙata?"

Na durƙusa na ce, "Allah ya ja zamanin Sarauniya, abu biyu. Ƙarfen da zafi ba ya narkarwa, da abin da zai koya wa mai haƙuri."

Ta ce, "Na farko yana Dutsen Sanyi, wurin maƙera arba'in. Na biyu raɓa ce, tana hannun Uwar Jinkiri. Duka biyun ba a ba da su sai ga wanda ya cancanta."

Muka kama hanya a wata ƙaramar mota. Kwana ɗaya muka yi muna ratsa dajin da itatuwansa wayoyi ne, duk wanda reshe ya taɓa sai ya sandare. Muka iso Kogin Baƙin Mai, mai tafasa, gadarsa kuwa sarƙa ce da ke gudu ba tsayawa. Dumrusu ya so ya afka da ƙarfi. Na riƙe hannunsa na ce ya bi gefen kogin tukuna har gudunmu ya yi daidai da na sarƙar, sannan ya hau, kamar yadda ake sa giya ba tare da ta yi ƙara ba. Muka haye lafiya. A ƙasa na hango ƙasusuwan motocin waɗanda ba su yi haka ba.

A Dutsen Sanyi muka tarar da maƙera arba'in, kowanne da ido ɗaya a tsakiyar ƙirji, suna dukan uwar maƙera guda a tare. Babbansu ya ɗaga guduma ya ce, "Ya kai mai gajeren kwana, ɗaya daga cikinmu yana makara da bugu, shekara dubu mun kasa gane shi, shi ma bai san kansa ba. Nuna shi ka ɗauki ƙarfe. Ka kuskure, mu ƙera ka."

Na duba, na duba, hannuwansu duk ɗaya. Sai na tuna yadda Hindatu ke gane maƙwabta da takunsu tun suna bakin layi. Na rufe ido. Cikin ƙarar nan mai tsaga kai na ji wani ɗan "tak" yana bin baya, irin na bawul ɗin injin da ba a saita ba. Na bi shi da kunne har na dafa kafaɗar na talatin da ɗaya. Aka duba, ashe ƙotar gudumarsa ta fi ta sauran tsawo da faɗin yatsa. Suka yi shewar da ta zubo da duwatsu. Suka ƙera mini fistin goma sha shida da bawuloli, masu sanyi kamar ruwan randa, har da ƙaramin bawul ɗaya na kyauta, na jefa shi a aljihu.

Saura kwana huɗu muka isa Kwarin Jinkiri. Dumrusu ya tsaya a baki ya ce, "Nan iyakata. Ɗan wuta in ya shiga, mutuwa yake yi kamar fitilar da mai ya ƙare wa. Shiga, ka saurare ta har ta gama. Har ta gama, ya Munzali."

A kwarin nan ganye in ya bar reshe sai ya wuni bai kai ƙasa ba. Tsuntsaye na rataye a sama kamar zane. Uwar Jinkiri na zaune a kan dutse, gansakuka ta fito a zanenta, da ƙwarya a cinya, raɓa na taruwa a ciki. Na gaishe ta da hantsi. Kafin ta gama cewa "Lafiya lau, ɗana," azahar ta yi. Na faɗi buƙatata. Ta fara bayani, kalma ɗaya sai in yi gyangyaɗi in farka ba ta ƙare ba. Na cije. Kwana biyu cur na yi a durƙushe kafin na tattara maganarta: ɗigo bakwai a kowane tulun mai, a juya da sandar tsamiya, a bar shi ya huce. Ta miƙo ƙwaryar, na karɓa. Sai ta sake buɗe baki.

"Amma... ɗana... kada..."

Na dubi rana. Saura kwana biyu, ga inji a kwance, ga fistin goma sha shida ba a ɗaura ba. Na ce a raina, nasihar tsofaffi ce, kada ka yi gudu, kada ka yi fushi, duk na san su. Na ce, "Na gode, Inna, Allah ya saka," na juya. Har na fita daga kwarin ina jin muryarta a bayana tana jan kalma ta gaba.

Wayyo ni. Na sha karanta labaran mutanen da suka juya baya ana cikin yi musu gargaɗi, ina jin haushinsu, ina cewa da ni ne ba zan yi ba.

Dumrusu ya tambaye ni, "Ta gama?" Na ce, "Ta gama."

Na haɗa injin nan kamar mai ɗinka rigar amarya. Na ɗaura sababbin fistin, na ƙara matsi fiye da yadda suka taɓa yi, na saita lokacin wutar fulogi da kunnena. Na ɗiga raɓa a man walƙiya. Da yana tsalle a tulu yana tartsatsi, sai ya kwanta, ya yi shuɗi, ya yi tsit. Da aka tayar, duk gidajen birnin suka tsaya da juyawa don su saurara. Wallahi ko yau na tuna wannan sautin sai tsigar jikina ta tashi.

Ranar tsere aka taru a kan zoben jan ƙarfen da ya kewaye birni. Zagaye bakwai ne. Motar Banu Guguwa fara ce sol, a kowace silinda sun ɗaure guguwa guda tana kuka. Dokar tsere ta ce makanike ya zauna gefen direba, don haka na shiga. Aka buga tambari.

Zagaye na farko suka bar mu a baya. Na ce wa Dumrusu, "Bar su, bari ya yi ɗumi." Na uku muka kamo su. Na biyar, daidai inda injin su Dumrusu ya saba fashewa, namu sai ma ya ƙara washe murya. Dumrusu na dariya yana kuka, hawayensa na zama tururi. Muka wuce su.

A zagaye na shida makaniken Banu Guguwa ya leƙo ta taga, ya kumbura kumatu, ya hura mana iska a bakin tanki. Injin ya yi tari, ya sake yi, ya mutu. Iska ta shiga tiyon mai. Farar motar ta wuce mu fiu.

Duk wanda ya taɓa zama a gareji ya san abin da ake yi. Ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi, bakina ya bi. Na dira, na fizge tiyo daga famfo, na kafa baki na zuƙa, kamar yadda na yi sau dubu tun ina koyon aiki. Iska ta fito, mai ya biyo ta ya cika mini baki. Zaƙi gare shi kamar zuma, sannan wani sanyi ya ratsa harshena har maƙogwaro. Na tofar, na mayar da tiyo, na buga bonet. "Tayar!"

Ya tashi. Abin da ya faru a zagaye na bakwai ban gan shi ba, don gudun ya fi ƙarfin ido. Na dai ji lokacin da muka wuce kukan guguwa, na ji birnin ya ɗauka da guɗa.

Na fito ina tsalle ina kiran sunan Hindatu. Sarauniya ta sauko da kanta da tandun kwalli a hannu, tana murmushi. Da ta dubi leɓɓana sai murmushin ya mutu, wutar gashinta ta dusashe.

Ta ce, "Ya kai ɗan Adam, me ya shuɗantar da bakinka?"

Na faɗa mata ina dariya. Babu wanda ya taya ni.

Ta ce, "Ashe Uwar Jinkiri ba ta gargaɗe ka ba? Aikinta ne ta faɗa wa duk ɗan yumɓun da ya je mata: kada man walƙiya ya taɓa harshenka. Harshen da ya taɓa, maganarsa za ta riƙa gudu irin na walƙiya. Mu muna jin ka, domin da sauri aka halicce mu. Naka mutanen ba za su ji komai ba sai ɗan fito kamar na gyare."

Dumrusu ya juyo ya ce, "Ka ce mini ta gama."

Na faɗi a gaban Sarauniya na roƙe ta a mayar da ni kwarin. Ta ce kwarin ba ya buɗuwa sau biyu ga mutum ɗaya. Na ce to wani ya kira sunan a madadina. Ta ce sharaɗin ba nata ba ne, na kwallin ne: wanda ya kawo shi ne zai kira, baki da kunne, babu tsani. Ta ƙara da cewa kwallin yana raguwa da ƙwaya ɗaya kowace rana, daga ranar da ya shiga duniyarmu. Ta ce, "Mun ci tsere da hannunka, kai kuma ka faɗi da bakinka. Da muna da magani da mun ba ka, ko da rabin birnin nan ne."

Na fito ta ramin gareji da la'asar sakaliya. Tun ina zaure na ji Hindatu ta ce, "Yaya Saude, ga takunsa nan!" Ta taso tana lalube, ta kama rigata. Na ce, "Hindatu, na dawo, na kawo." Ta karkata kai.

"Ka ji wani gyare tun rana ba ta faɗi ba. Sarkin fulogi, yi magana mana. Fushi kake yi?"

Na sake kira da dukan ƙarfina. Ta ɗora yatsunta a kan leɓɓana, ta ji suna motsi, ta ji babu abin da ke fitowa. Na ga lokacin da fuskarta ta gane. Da a ce kogin nan na baƙin mai ne ya haɗiye ni, da ya fi mini sauƙi.

Na rubuta komai a takarda, Yaya Saude ta karanta mata, tana yi tana share hawaye tana zagina. Hindatu ba ta yi kuka ba. Da aka gama ta ce, "Tsohuwa tana magana ka tafi. Ni ma ina magana ka tafi." Sannan ta ce, "Yaya Saude, littafin nan na kan taga, ɗauke shi ki sa a akwati."

Na daina gyaran motocin tsere. Samari sun yi ta sintiri har suka haƙura. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina koya wa ƙarfe sauri, na koma neman yadda ake rage gudu. Na gwada jan kalma har numfashina ya ƙare, a kunnenta bai kai ƙiftawar ido ba. Na gwada da ruwan sanyi a baki. Na gwada ɗauka a waya, ba ta kama komai ba sai tsuwa. Wata rana ina wanke rigar da na yi tafiya da ita, sai ƙaramin bawul ɗin nan na Dutsen Sanyi ya faɗo daga aljihu. Injin da ya cika gudu, kaya ake ɗora masa. Na sa shi ƙarƙashin harshena.

Nauyinsa kamar na dutsen niƙa, sanyinsa har cikin haƙori. Kullum bayan la'asar, lokacin da a da nake mata karatu, nakan zauna a gabanta, in shafa mata kwalli kaɗan, in ja numfashi, in fara sunanta. Ina ja, ina ja, kamar Uwar Jinkiri a kan dutsenta, har jijiyoyin wuyana su tashi, idona ya yi duhu. Ita kuma ta zauna ta miƙa kunne, ba ta ko motsi. Wata goma sha ɗaya muna haka. Tandun da na zo da shi cike, yanzu sai na karkata shi nake ganin abin da ya rage a gindi, kuma a lissafin kunnena na makanike, harshena ba zai yi nauyin da ake so sau uku a jere ba kafin ya ƙare.

Shekaranjiya, ina cikin ja, jini na ɗiga daga gefen bakina saboda kaifin ƙarfen, sai na ga ta zabura. Ta dafe ƙirji.

"Na'am?"

Ɗaya ke nan. Na yunƙura in yi na biyu, numfashi ya ƙi, harshe ya kuɓuce, gyare ya dawo. Na kifa kaina a gwiwarta ina kuka kamar yaro. Ta laluba ta karɓi tandun daga hannuna, ta jijjiga shi kusa da kunnenta, ta ji yadda ya zama fayau. Ta ajiye shi can gefe, nesa da mu. Ta share mini jinin da bakin mayafinta.

Ta ce, "Gobe ma ka faɗa. Ba don kwallin ba."